Huda Biyar a Cikin Malam

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun dawo daga Kano. Dakta Sadiyya ce ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta duk abin da Malam ya haɗiya da lokacin da ya haɗiye shi. To ga shi: ruwa rabin kofi da hantsi, kunun gyaɗa tatacce cokali tara da azahar. A na goma ya ture mini hannu. Sauran abin da zan rubuta ba na likita ba ne, nawa ne, don in ban faɗa wa takarda ba fashewa zan yi.

Shekara biyu mijina yana fama da abinci. Ya tauna, ya haɗiya, ya tsaya masa a ƙirji, can kuma ya dawo. Dakta ta zana mana a takarda: inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata 'yar ƙofa ta nama da ke buɗewa in loma ta iso, to tasa ce ta ɗaure ta ƙi buɗewa. Shekaranjiya Talata aka yi aikin. Ni na shirya wa ganin an farke shi tun daga ƙirji har cibiya, har sababbin zannuwan gado na ɗauka na zaman wata guda. Sai ga shi huda biyar kawai suka yi masa a ciki, kowacce ba ta wuce kan yatsa ba. Ta nan suka zura kyamara da wasu siraran ƙarafa, suka tsaga naman ƙofar daga ciki suna kallo a talabijin. Kwana biyu aka ce mu tafi gida.

Malam tela ne, shekara talatin da biyar yana kan keke. Da ya farfaɗo ya ɗaga riga ya ga filasta biyar, abin da ya fara cewa shi ne, "To ina aikin?"

Ga abin da ke ci mini rai. A bakin ɗakin tiyata, yana kwance a gadon turawa da wata hular leda a kansa, ya kama gefen mayafina ya ce, "Hajo, rantse mani ba za ki hwaɗa ma kowa ba." Wa zai tsaya musu da mutum a irin wannan wuri? Na rantse da Allah. Yanzu duk unguwarmu ta Ƙofar Kwaya ta san sarin yadi ya je Kano, ni kuma na bi shi ganin dangi. Ban da 'yarmu Zulaihat da ta kai mu a motarta, ba wanda ya sani.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da hantsi

Kafaɗa ke masa ciwo, ba ciki ba. Dakta ta riga ta gaya mana iskar da aka hura masa a ciki don su ga wuri ce za ta sa haka, kuma za ta wuce. A gabansa ta faɗa. Amma tun asuba yake mita wai yarinyar nan ta taɓa inda ba a aike ta ba. Yarinyar nan! Matar da ta shekara goma sha wani abu tana karatu.

Kunu cokali goma sha biyu. Romon kaza tatacce, ba ko tsoka, rabin kofi. Ya leƙa kofin ya ce ina kazar ta tafi.

Juma'a, bayan sallah

Ya je masallaci da ƙafarsa, da babbar riga, yana gaisawa da mutane kamar wanda ya dawo daga biki.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da azahar

Hajiya Mairo ta shigo, matar Alhaji Babaji da gidansu ke kallon namu. Muka gaisa har ƙasa: gajiyar hanya, mutan Kano, zafi, jikoki, kowa da kowa. Tana gaisuwa idonta na kan rariyar da nake tace kunu.

"Kunu kuma da rana tsaka, har da tacewa? Hala mai jego kika samu?"

Na ce sha'awa ce kawai.

"Uhm." Ta gyara zama. "Ni hwa Alhaji ya ce in tambaya. Mi su Alhajin suka yi ma Malam Lado? Mutum ya tahi har Kano ya dawo, ko leƙa tabarma bai yi ba."

Tabarmar dai. Maza bakwai ne, tun kafin a kawo ni gidan nan suke ciyayya. Bayan magariba kowa ya fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar Alhaji Babaji, a buɗe kwano ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Wanda ya tsallake kwanon wani ya zagi matar gidan, kowa ya san haka. Shekara biyu ke nan Malam ya janye jiki. Bai ce ga dalili ba. Sai ya shige ɗaki da kwano da butar ruwa ya tura ƙofa, ni ma ba na ganin cinsa, sai dai in ji abin da nake ji daga tsakar gida.

Tunda shi bai ba da dalili ba, unguwa ta samo nata, kuma a kaina ya faɗo. Ba zan rubuta kalmar ba. Cewa dai ake na ba shi wani abu ya ci, shi ya sa ba ya iya cin na kowa, shi ya sa yake ramewa. Na ba shi ya ci! Mutumin da ruwa ma sai ya miƙe tsaye yana dukan ƙirji kafin ya wuce. Ni da na koyar da rabin 'ya'yan unguwar nan karatu a firamare, yau in na shiga gidan suna sai hira ta tsaya.

Na raka Hajiya Mairo zaure ina murmushi. Na dawo na fasa kofi, ba da gangan ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Yau ya sha ruwa cikakken kofi a tsaye a tsakar gida. Ya tsaya shiru, hannu a ƙirji, yana jiran ya dawo. Bai dawo ba. Ya sake cika kofin ya shanye. Ya dube ni, na dube shi, sai ya juya yana gyaran hula. Ni ma na shiga kicin na tsaya gaban tukunyar da ba komai a ciki. Alhamdu lillahi. Na yi kuka kaɗan, ba laifi ba ne.

Talata, da la'asar

Na yi saurin murna. Yunwar shekara biyu ta farka gaba ɗaya. Sau uku yana shigowa kicin neman ashana, mutumin da bai taɓa kunna wuta a gidan nan ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Ƙuli-ƙuli. A aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin zare. Wai na baƙi ne.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Na kira Dakta Sadiyya na sa wayar a fili don ya ji da kunnensa. Ta gaishe shi da ladabi, ya amsa kamar mai ciwon haƙori.

Ta ce, "Baba, kada ƙanƙantar hudar nan ta ruɗe ka. Waje ne ƙarami, aikin da ke ciki babba ne. Inda muka tsaga naman, fatar da ta rage ba ta fi ɓawon albasa kauri ba, kuma akwai ɗinki a wurin. Sati biyu abin sha kawai. Bayan nan abu mai laushi sosai. Tuwo sai na ce. Nama, burodi, ƙuli-ƙuli, lemon kwalba, ko kusa. In abu mai tauri ya yaga wurin, abinci zai zuba a ƙirjinka, kuma a ranar ba huda za mu yi ba, buɗe ka za mu yi, in mun samu lokaci."

In mun samu lokaci. Ni nan na tsaya da ji.

Shi kuwa da aka kashe waya cewa ya yi, "Likitoci dai akwai tsoratarwa. Ni jikina garau nake jin shi."

Da sun farke shi gida biyu da yanzu yana kwance yana nishi, mutane na shigowa dubiya da lemo da ayaba, kowa na ce masa sannu, ba mai miƙa masa komai. Allah Ya gafarta mini, yau har na yi wannan tunanin.

Kunu kofi ɗaya da rabi. Nono tatacce kofi ɗaya. Ƙuli-ƙulin yana wurina.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan isha'i

Daga masallacin magariba bai shigo ba. Na leƙa ta zaure, lungun namu ba faɗi, komai a kunnena. Ga shi zaune a gefen tabarma wai gaisawa ya tsaya yi. Ya ce ya riga ya ci. Alhaji Babaji bai ko dube shi ba, ya ce, "Wurinka dai yana nan, Lado. Ba wanda ya zauna."

Ya shigo fuskarsa wasai, ya ce in shirya, jibi Litinin zai koma ciyayya. In tuƙa tuwon masara miyar kuɓewa ɗanya.

Na ce, "Malam, kwana goma sha ɗaya yau da aikin."

"Ai ba ci zan yi ba. Zama zan yi."

"A tabarmar da ba a tsallake kwano?"

"Ni na san yadda zan yi."

"To ka hwaɗa masu gaskiya mana! Ciwo abin kunya ne?"

Ya haɗe rai ya ce in tuna dai na rantse. Ya ce shi ba zai zauna gaban sa'o'insa a riƙa yi masa sannu kamar tsohuwa ba, balle a ji mace ce ta yi masa aiki a ciki, sa'ar ɗiyar cikinsa ma. Na ce ai ni an shekara biyu ana yi mini abin da ya fi sannu. Ya yi kamar bai ji ba. Kullum in na zo nan sai kunnensa ya toshe.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da rana

Zulaihat ta zo daga GRA da injin markaɗe da kankana. Ta ce, "Mama, ki hwaɗa kawai, ko ni in hwaɗa." Na ce ba ruwanta, tsakanina da ubanta ne. In ta faɗa, ni zai ce na aika, ga rantsuwa ta karye ta bayan gida, gara in karya abata da bakina in ta kama.

Bayan ta tafi na ɗauko littafin fiƙihuna na Islamiyya na duba babin rantsuwa. Wanda ya karya, ya ciyar da miskinai goma. Na leƙa buhun shinkafa. Za ta isa. Ban ce zan yi ba, dubawa kawai na yi.

Litinin, 21 ga Oktoba, da la'asar

Tun safe yake kan keke ya tura ƙofar shago, ga Dakta ta ce ban da yunƙuri. Ban san me yake ɗinkawa ba. Na tuƙa tuwon.

Talata, 22 ga Oktoba, da safe

Yanzu na san me ya ɗinka. Na ɗauki babbar rigar da ya fita da ita jiya zan wanke, na ji aljihun da nauyi. Leda ya ɗinka a ciki, tsaf, ɗinki biyu, ko ɗigo ba ya zuba. A ciki akwai tuwon gida bakwai: masara, dawa, shinkafa, har da dambun gidan Malam Bala, duk sun cakuɗe da miya. Ya kai hannu baki, ya zarce da shi aljihu, cikin duhu-duhun magariba ba wanda ya lura.

Na kai masa rigar har shago na buɗe aljihun a gabansa. Ko kunya. Har wani alfahari yake, wai in duba kyan ɗinkin.

Na ce, "Wannan dabarar kwana nawa za ta yi?"

Ya ce, "Har yarinyar ta ba ni izini."

Mutum ya yarda ya cika aljihu da miyar kuɓewa, amma bai yarda ya buɗe baki ya ce ba ni da lafiya ba. Shekara talatin da ɗaya ina aure da shi, yau na rasa inda zan ajiye wannan.

Talata, bayan isha'i

Zan rubuta yadda aka yi.

Na ajiye masa kwano a zaure ya ɗauka ya fita. Ban koma ciki ba, na tsaya bayan ƙyaure. Sai ga Garba mahauci da wani ƙunshi a takarda, ƙamshin tun daga bakin lungu. Balangu. Ya ce tun jiya ya so ya kawo, na murnar dawowar Lado ne, kuma ba mai taɓawa sai Lado ya fara. Ya zo ya zauna daidai gefen aljihun, cinya da cinya. Ya zaɓo tsoka ya dangwala yaji ya miƙa masa.

"Bismilla. Ci in gani. Shekara biyu ban ga namana a bakinka ba."

Na ga Malam ya karɓa. Na ga ya dubi aljihu, ya dubi Garba. Na ga ya kai baki. Ina ta ce wa kaina zai ajiye shi a kunci, zai yi tari ya fitar. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Garba ya miƙa na biyu.

Ban san lokacin da na ja ƙyauren ba. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa yi wa tabarmar nan magana ba.

"Salamu alaikum. Alhaji, a yi mani ahuwa. Malam, aje naman nan, don girman Allah."

Maza bakwai suka juyo.

Na ce, "Tiyata aka yi mashi a Kano, yau sati biyu. A hanyar abinci. Likita ta ce in ya ci nama ɗinkin na iya yagewa ya mutu. Ya sa ni rantsuwa kar in hwaɗa, ga shi na hwaɗa."

Na zata za a yi salati a janye naman. Ina! Malam Bala ne ya fara.

"Tiyata? Sati biyu? Mutumin da muka yi Juma'a sahu ɗaya da shi kwana uku bayan nan? Ni da aka cire mani afendis wata guda ina kwance, ga ɗinki nan kamar bakin buhu." Har ya fara ɗage riga.

Garba ya ce, "Hajo, ki yi haƙuri, amma ciki sana'ata ce, kullum sai na buɗe shi. Ba a kai ga tumbi sai an yanka. Wanda aka taɓa ma tumbi ba ya zama haka."

Wani ya yi 'yar dariya ta hanci. Na ji wani ya ce a hankali, "Kun ji ko? Har waje yanzu."

Sai Alhaji Babaji ya yi magana, ba da ni ba. Ya ce, "Lado, in ba ka son cin namu ka hwaɗa da bakinka. Ba sai an biyo ka daga cikin gida ba."

Na tsaya a bakin zaure kamar an watsa mini ruwan zafi. Na karya rantsuwa, na fito gaban maza, kuma abin da na samu shi ne na tabbatar musu da zancen da suke yi.

Malam ya ajiye tsokar a kan takarda. Ya miƙe a hankali ya tattare babbar riga da 'yar ciki har ƙirji. Garba ya haska da fitilar waya, ya matsa kusa, ya ƙirga da yatsa.

"Wannan ai cizon sauro ne."

Aka yi dariya. Malam bai yi ba, bai kuma saki rigar ba.

Ya ce, "Matata ba ta ƙarya. Ba ta taɓa yi ba. Ni tela ne, ku ji daga gare ni, ɗinkin da ke riƙe riga ba shi ake gani a waje ba." Ya juya wurin Malam Bala. "Ka tuna daren sunan jikanka, da aka yi waina, na tashi na ce zan kama ruwa? Bayan katangar can na je na maido ta duka. Haka na yi wata uku, kullum, ina tashi ina zagayawa. Abincin matanku, da suka wuni suna dahwawa. Na ga wata rana ba zan kai katangar ba, a gabanku zai dawo, a kan tabarma. Shi ya sa na bari. Hajo ba ta ba ni komi ba sai kunu. Na san abin da ake hwaɗa a kanta, na yi shiru, don shirun ya hi mani sauƙi."

Ashe ya sani. Duk lokacin nan kunnensa lafiya lau.

Garba ya kashe fitilar ya naɗe takardar naman a hankali ya tura bayansa. Alhaji Babaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Shekara biyu, Lado. Mu ne ba mu isa mu ji ba?" Can ya ɗago ya ce, "Nawa ka haɗiye?"

"Ɗaya."

Na kira Dakta. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini. Ta tambayi girman tsokar, ta tambaya ko ya tauna. Ta ce ruwa kawai zuwa gobe, in riƙa auna zafin jikinsa. In na ga zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, kada in tsaya kiranta, asibiti mafi kusa.

Bai ce mini komai ba tunda ya shigo.

Laraba, 23 ga Oktoba, da asuba

Talatin da bakwai daidai. Na miƙa ma'aunin, ya karɓa, ya sa, ya miƙo. Ba magana.

Laraba, da azahar

Talatin da bakwai da ɗigo huɗu. Zafin gari ne. Zafin gari ne in sha Allahu.

Laraba, da la'asar

Ya yi tari sau biyu, na saki ludayi a tukunya na fito a guje. Ya dube ni ya kau da kai. Jakar asibiti na bayan ƙofa, ban bari ya gani ba. Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da hantsi

Talatin da shida da ɗigo takwas. Ba ciwo. Dakta ta ce mun tsallake, kada a sake. Na zauna a kan turmi na yi hamdala.

Na dafa shinkafa da wake na kaffara, kwano goma, Zulaihat ta kai wa masu jinya marasa hali a asibiti. Yana zaune yana kallo ina zubawa. Ya san na mene ne. Ko sannu.

A gaban maza ya wanke ni, a cikin gida kuma gaba yake da ni saboda na tona shi. Duka biyun da gaske yake. In akwai mai gane wa maza, ya zo ya koya mini.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

Sabuwa ta samu. Alhaji Babaji ya yanke hukunci: Malam zai riƙa zama a tabarma da kofinsa, kuma an ɗauke masa dokar kwano har likita ta sallame shi. Garba ne ɗan sanda. Jiya wai har aljihun ya laluba.

Matan kuma sun taso mini. Yau kaɗai kunu shida aka aiko: na tsamiya, na kanwa, na gyaɗa biyu, koko, da wani baƙi da ban gane kansa ba, wai da sassaƙe a ciki mai haɗa ɗinki. Kowacce kuma sai an gaya mata ya sha nata. Hajiya Mairo ta shigo da kanta, ta zauna, ta yi ta juya zoben hannunta. Na jira. Abin da ya fito shi ne, "Ke ma dai Hajo akwai zurhin ciki. Ai da kin hwaɗa." Wato laifin dai nawa ne. Amma da za ta fita ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Na karɓi wannan, don na san ba za a samu fiye da haka ba.

Baƙin kunun na zubar a makwarara.

Talata, 29 ga Oktoba, da safe

Dankali markaɗaɗɗe, ƙwai mai ruwa-ruwa, kabewa. Komai ya wuce. Maganarsa da ni: ina kwana, sai na dawo, ina hulata.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yanzu kuma cikin nasa ya zama abin kallo. Mutumin da ya sa ni rantsuwa, yau na ji shi a shago yana ɗage wa wani mai karɓar ɗinki riga yana cewa, "Ta nan kyamarar ta shiga. Wata ɗiya ce ta yi, ƙwararriya, hannunta ko rawa ba ya yi." Kamar yana farke aka yi.

Ni dai har yanzu rabona "ina hulata".

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan isha'i

Dakta ta ba da izinin tuwo. Mai laushi, ƙananan loma, miya da yawa, a tauna sosai, a zauna a miƙe bayan an ci.

Na tankaɗe garin sau biyu. Na tuƙa shi ruwa-ruwa, na kaɗa miyar kuka, ban sa nama ba ko na ƙamshi. Na ajiye a zaure, ya ɗauka. Na yi niyyar tsayawa bayan ƙyaure, sai na ga ba zan iya ba. Na koma tsakar gida na zauna ina tsince wake da ba yau zan dafa ba, kunnena na waje, ina jiran in ji an tashi da sauri, ko an kira sunana.

Ba a kira ba. Na ji hira, na ji dariyar Garba, na ji an kira isha'i sun tafi.

Ya shigo da kwanon a hannu ya ajiye a gabana. Wayam. Amma hannu bakwai ne suka shiga, wayam ba ta gaya mini komai ba. Na kasa tambaya. Ya cire hula ya zauna a kan kujera, a miƙe kamar yadda aka ce, yana sakace da tsinke, mutumin da bai ci nama ba.

Can ya ce, "Hajo."

Na ce, "Na'am."

"Daddawar nan ta yi yawa. Kuma kukar ba ta kaɗu ba, na ji gudaji har biyu. Gaban mutane hwa."

Na dube shi. Wata guda ina tace kunu. Shekara biyu ina ɗaukar sunan da ba nawa ba. Kwana goma sha shida bai haɗa mini jimla ba, sai yau, kuma abin da ya samu ya faɗa ke nan.

Na ce, "Loma nawa ka yi ka gano duk wannan?"

Ya ce, "Sha ɗaya. Akwai saura a tukunya?"